Iyayen St. Lambert da Ajin da Suka Matsa Aka Buɗe

A ƙarshen watan Oktoba na 1963 wasu iyaye 12 suka haɗu a wani gida a St. Lambert, wani ƙaramin gari da ke tsallaken kogi daga birnin Montiriyal a lardin Kwibek na ƙasar Kanada. Dukansu masu jin Ingilishi ne, kuma abu ɗaya ya dame su. 'Ya'yansu na shafe shekara da shekaru ana koya musu Faransanci a makaranta, ɗan lokaci kaɗan kowace rana, su haddace nahawu, su ci jarrabawa, amma in suka fito titi ba sa iya taɗin minti biyu da ɗan maƙwabta. Su ma iyayen haka aka yi musu, sun san inda hanyar take ƙarewa.

A wancan lokaci wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Masu jin Faransanci su ne mafi rinjaye a Kwibek, kusan kashi 80 cikin ɗari, amma manyan kamfanoni da bankuna suna hannun masu jin Ingilishi, waɗanda suka daɗe suna rayuwarsu ba tare da sun buƙaci harshen maƙwabtansu ba. Daga 1960, zamanin gwamnatin Jean Lesage, iska ta fara juyawa. Masu Faransanci suka tashi neman haƙƙinsu a wurin aiki da gwamnati da makaranta. Duk mai ido ya ga cewa yaron da zai girma a lardin ba ya jin Faransanci, ko dai ya tattara ya bar garin ubansa, ko ya zauna baƙo a cikinsa. Ga shi kuma makarantun a rabe suke bisa ɗariƙa: na Katolika galibi da Faransanci, na Furotesta da Ingilishi, yara na tashi unguwa ɗaya ba su taɓa zama benci ɗaya ba.

Abin da iyayen suka nema ya yi wa hukumar makarantu kama da wauta. Cewa suka yi a daina koyar da Faransanci a matsayin darasi, a mai da shi harshen da ake koyar da komai da shi tun daga ajin rainon yara: lissafi, waƙa, zane, karatu, duka. Hukumar ta ƙi. Kuma a yi mata adalci, tana da hujja irin ta zamaninta. Littattafan ilimin halayyar ɗan Adam na lokacin cike suke da da'awar cewa harshe biyu na rikita ƙwaƙwalwar yaro, yana rage masa basira. Wane shugaban makaranta ne zai yarda a yi gwaji da 'ya'yan mutane a kan abin da masana suka ce illa ne?

Iyayen ba su haƙura ba. Mata uku ne suka fi tsayawa kan lamarin, Olga Melikoff da Murielle Parkes da Valerie Neale. Suka kafa ƙungiyar nazari, suka riƙa karanta duk abin da aka rubuta kan koyon harshe na biyu, suka shirya wa yaran azuzuwan Faransanci da kuɗin aljihunsu, suka yi ta tara magoya baya a gari. Daga nan suka yi abin da ya bambanta labarinsu da na dubban iyaye masu ƙorafi a ko'ina: suka nufi Jami'ar McGill suka nemi masana su shigo cikin maganar.

Mutum biyu suka samu. Na farko Wilder Penfield, shahararren likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, wanda a littafinsa na 1959 ya yi iƙirarin cewa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ta fi ta babba laushi wajen ɗaukar harshe. Na biyu Wallace Lambert, masanin halayyar ɗan Adam (sunansa da na garin dacewa ce kawai, ba shi da wata alaƙa da wurin). Shekara guda kafin taron iyayen, a 1962, shi da Elizabeth Peal sun fitar da sakamakon wani bincike a kan yara 'yan shekara 10 a Montiriyal, inda masu harshe biyu suka zarce masu harshe ɗaya a gwaje-gwajen basira. Sun kuma nuna kuskuren magabatansu, waɗanda suka riƙa kwatanta 'ya'yan talakawa baƙin haure da 'ya'yan masu hali, sannan su ɗora wa harshe laifin da talauci ya yi.

Bayan shekara biyu ana ja-in-ja, hukumar ta sassauto. A watan Satumba na 1965 aka buɗe aji ɗaya na rainon yara a makarantar Margaret Pendlebury, da yara 26, a matsayin gwaji.

Ya kamata a leƙa cikin wannan aji da kyau, domin a nan ne mafi yawan masu ambaton St. Lambert suke tafka kuskure. Malamar ba ta magana da komai sai Faransanci, wannan gaskiya ne. Amma tana jin Ingilishi sarai. Yaro zai zo mata da kukansa da harshen gidansu, ya ce wane ya ƙwace masa fensir, ta saurare shi, ta fahimta, ta maimaita masa maganar da Faransanci tana nuna fensirin, ta raba gardamar. Ba a dukansa, ba a cin tararsa, ba a sa sauran yara su yi masa dariya. A tsakaninsu yaran na ta surutunsu da Ingilishi, ba mai hana su. Kuma duk ajin matakinsu ɗaya, ba wanda ya zo da Faransanci daga gida balle ya riƙa danne saura, saboda haka dole malamar ta auna maganarta da fahimtarsu: ta sassauta murya, ta nuna da hannu, ta ɗaga hoto, ta maimaita. Sai a hankali, galibi a cikin aji ɗaya, bakinsu ya fara buɗewa da sabon harshen. Da Faransanci aka koya musu karatu da rubutu. Ingilishi bai shigo a matsayin darasi ba sai a aji biyu, kusan awa guda a rana, daga nan aka riƙa ƙara masa lokaci.

Su kuwa mutanen McGill, da Lambert da abokin aikinsa Richard Tucker da ɗalibansu, aikinsu awo ne. Sun samo azuzuwan kwatance iri biyu: yara masu Ingilishi da ke karatu da Ingilishi, da yara masu Faransanci da ke karatu da Faransanci, suka tabbatar matsayin gidajensu da makin basirarsu sun yi kusa da na 'yan gwajin. Duk ƙarshen shekarar karatu sai su dawo da takardunsu da na'urar ɗaukar murya. A gwada karatu da ƙa'idar rubutu da yawan kalmomi a harsunan biyu, a gwada lissafi, a ba yaro labari ya maimaita da bakinsa a ɗauka a ba alƙalai su saurara, a tambayi yadda yake kallon masu jin Faransanci. Don kada a ce sa'a ce ta aji ɗaya, suka bi rukuni na biyu da ya shigo bayan na farko da shekara guda, da awo iri ɗaya.

A ƙarshen aji ɗaya abin da ake tsoro ya bayyana: 'yan gwajin suna bayan takwarorinsu a karatun Ingilishi. Ba abin mamaki ba ne, tun da ba a koya musu ba. Da a nan aka tsaya da an rufe ajin an ce ai dama an faɗa. Amma da aka shigo da darasin Ingilishi sai giɓin ya cike cikin ɗan lokaci, domin yaron da ya gane yadda harafi ke ɗaukar sauti a harshe ɗaya ba ya sake koyon wannan daga farko a wani. A lissafi ba su gaza kowa ba, ko da an yi musu jarrabawar da Ingilishi alhali da Faransanci aka koya musu. Basirarsu ba ta ragu ba. Faransancinsu kuwa ya yi wa na masu darasin minti kaɗan fintinkau. Lambert da Tucker suka tattara wannan a littafi a 1972, kuma a cikinsa akwai sashen da Olga Melikoff ta rubuta da hannunta kan rawar da iyaye suka taka. Ba kasafai ake ganin sunan uwar ɗalibi a littafin binciken farfesoshi ba.

Tsarin ya bazu. Kanada ta kafa dokar harsunan hukuma biyu a 1969, gwamnatin tarayya ta fara zuba kuɗi a koyar da harshe na biyu, iyaye a sauran larduna suka riƙa ɗaukar rahotannin McGill suna kai wa hukumomin makarantunsu. A 1977 suka kafa ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya, Canadian Parents for French. Yau yara fiye da 400,000 ke cikin irin waɗannan azuzuwa a ƙasar.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a daina awon ba bayan an yi nasara, kuma awon ne ya tono aibin tsarin. Merrill Swain da abokan aikinta a Toronto sun gano cewa yaran da suka yi shekaru a ciki suna fahimtar Faransanci, ji da karantawa, kusan kamar 'yan gida, amma in suka buɗe baki ko suka ɗauki alƙalami sai kurakurai su yi ta zuba: su maida namiji mace, su cakuɗa lokutan aikatau, su yi wa babba magana da lafazin da ake yi wa tsara. Da masu binciken suka zauna a azuzuwa suka saurara, sai suka ga dalili. Malami ne ke ta magana, yara na amsawa da kalma ɗaya ko biyu, kuma tun da kowa na gane abin da ɗan'uwansa ke nufi, ba abin da ke tilasta wa yaro ya gyara. A 1985 Swain ta fito da ra'ayinta cewa sauraro kaɗai ba ya isa, sai an matsa wa mai koyo ya furta, ya rubuta, ya ci karo da inda harshensa ya gaza. Wanda ya yi karatun zaure zai gane wannan da sauri. Akwai almajiran ilimi da za su warware maka shafin littafin fiƙihu kalma bayan kalma ba tuntuɓe, amma in Balarabe ya tare su da hirar kasuwa sai gumi ya karyo. Shi ya sa ake tura ɗaliban Larabci na jami'o'in Najeriya ƙauyen Larabci na Ngala, na Faransanci kuma Badagry, su je inda dole su yi magana.

Hatta hujjar Penfield ba ta tsira gaba ɗaya ba. Da aka buɗe azuzuwan da ke fara tsunduma yara cikin Faransanci a makare, wajen shekara 12, sai aka ga a fannoni da dama suna kamo waɗanda suka fara tun suna 'yan shekara 5, domin babban yaro ya riga ya iya karatu, ya kuma san yadda ake koyo. Farawa da wuri na da amfaninsa, musamman wajen lafazi da sakin jiki, amma ba shi ne sirrin ba.

To mene ne sirrin? A duba su wane ne yaran nan 26. Harshen gidansu shi ne harshen da ya fi kowane ƙarfi a nahiyar Amurka ta Arewa. Da shi talabijin ke magana, da shi aka rubuta littattafan da ke kan kanta a ɗakinsu, da shi uwa ke karanta musu labari kafin barci. Ko makaranta ta yi shekara biyu ba ta taɓa shi ba, ba inda za shi. Iyayensu masu ilimi ne, su suka zaɓi tsarin da kansu, kuma suna iya cire ɗansu ran da suka ga dama. Lambert da kansa ya raba abin gida biyu a tsakiyar shekarun 1970: akwai koyon harshe na biyu da ke ƙaruwa a kan na farko, akwai wanda ke cin na farko ya maye gurbinsa. Na St. Lambert irin na farko ne, kuma ya yi gargaɗin kada a ɗauki sakamakonsa a ɗora wa yaran da harshensu ba shi da gata.

Ba a ji gargaɗin ba. A 1998 masu zaɓe a jihar Kalifoniya ta Amurka suka amince da wata doka da ta rufe mafi yawan azuzuwan harshe biyu, ta ce a tsunduma 'ya'yan baƙi, galibi masu jin Sifaniyanci, cikin Ingilishi zalla na kimanin shekara ɗaya sannan a haɗa su da kowa. Shekara ɗaya, alhali binciken Jim Cummins a Kanada ya riga ya nuna cewa yaro baƙo kan iya hirar yau da kullum cikin kamar shekara biyu, amma harshen littafi da jarrabawa kan ɗauke shi shekara biyar zuwa bakwai. Sai a 2016 jihar ta warware dokar.

Mu ma ba mu tsira ba, ko da mafi yawan masu makarantunmu ba su taɓa jin sunan St. Lambert ba. Hujjar ce dai ta iso mu a gurguje: a jefa yaro cikin Ingilishi tun yana ɗan shekara 3, zai sha shi kamar ruwa. Shiga wata makarantar kuɗi a Kano ko Kaduna ko Gusau ka tsaya bakin taga. Monita na riƙe da takarda yana rubuta sunan duk wanda aka ji ya yi Hausa, a ci shi tara ko a sa shi kamun kunne. Yarinyar da fitsari ya matse ta, in ba ta tuna jimlar da aka haddasa mata ba, sai ta yi shiru ta daure. Malamin da ke gaban allo shi ma sau da yawa Ingilishin nasa bai zauna ba, saboda haka ya rubuta, su kwafa, ya faɗa, su amsa da ƙarfi baki ɗaya. A gida babu littafin Ingilishi, babu na Hausa. Duk sharuɗɗan da suka sa gwajin Kanada ya yi kyau an juya su, sai sunan kawai ya rage. Wannan shan maganin da likita ya rubuta wa maƙwabci ne don an ga shi ya warke.

Hausa ba harshe ne mai shirin mutuwa ba, kowa ya sani, kasuwa da rediyo da fim sun tsare mata wannan. Abin da ke salwanta shi ne karatun kansa. Gwaje-gwajen karatun 'yan ƙananan azuzuwa da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010 sun nuna cewa mafi yawan yaran da aka gwada ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa, harshen da suke mafarki da shi. Wanda bai iya karatu da harshen da yake ji ba, da me zai tsallaka zuwa wanda ba ya ji?

Kuma ba a rasa binciken da aka yi a kan yara irin namu ba. A 1970 Farfesa Aliu Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara gwajin shekara shida a wata firamare a Modakeke. Rukuni ɗaya aka koya musu komai da Yarbanci tun daga aji ɗaya har aji shida, Ingilishi kuma darasi ne da aka ba shi kulawa ta musamman. Ɗaya rukunin suka bi tsarin da aka saba, a juya zuwa Ingilishi bayan aji uku. Sai da aka zauna aka rubuta littattafan lissafi da kimiyya da Yarbanci, aka ƙirƙiro kalmomi. 'Yan Yarbancin ba su gaza ba a Ingilishi, a sauran darussa kuma suka yi gaba. A Nijar ma tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da harshen Buzaye. A zahiri Ife da St. Lambert kamar sun saɓa wa juna, ɗaya ya ce a fara da harshen gida, ɗaya ya ce a fara da baƙon harshe. A ƙasa kuwa abu ɗaya suka yi: makaranta ta ba da ƙarfinta ga abin da gida da titi ba za su iya bayarwa ba, ta tabbata yaro na fahimtar abin da ake faɗa masa, ta kuma ƙi wulaƙanta harshen da ya zo da shi.

Inda suka rabu shi ne abin da ya biyo baya. Gwajin Ife daga jami'a ya fito, da tallafin Gidauniyar Ford. Na Nijar daga ma'aikata ya fito. An yi rahotanni, an yi taruka, Fafunwa har ministan ilimi ya zama a 1990, amma tsarin shekara shida bai zama abin da ake yi a azuzuwan ƙasar ba. Makarantun Nijar kuwa sun shafe shekaru gommai ana kiransu na gwaji. Manufar ilimi ta Najeriya ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen uwa ko na yankin, amma abin ya tsaya galibi a takarda. Akwai dalilai da yawa, na kuɗi da na siyasa da na ƙarancin malamai, kuma ba zan yi kamar iyayen Kanada ba su da gatan da namu ba su da shi ba. Sai dai ina ganin babban giɓin shi ne babu wasu iyaye da suka ɗauki sakamakon nan a matsayin nasu. Uban da ke biyan kuɗin makaranta a Zariya ba a taɓa zama da shi an nuna masa takardun ba. Abin da ya sani shi ne jarrabawa da Ingilishi ake yi, aiki da Ingilishi ake nema, kuma duk mai ce masa a koya wa ɗansa da Hausa, nasa 'ya'yan suna makarantar da ba a Hausa. Zarginsa na da tushe, kuma lacca ba za ta kawar da shi ba.

Awon da aka yi a gabansa ne zai iya. Kayan aikin ba su da tsada. Kusan kowace firamare ta gwamnati na da kwamitin gudanarwa da ƙungiyar iyaye da malamai, waɗanda zamansu ya fi ƙarewa a kan rufin da iska ta yaye da kuɗin alli. Kwalejojin ilimi da jami'o'in da ke kewaye da su kuma duk shekara ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu a kan matsalolin koyar da Ingilishi, a raba takardar tambayoyi, a ɗaure da bango mai kyau, a jera a kanta ƙura ta rufe. Da kwamiti ɗaya zai je sashen harsuna na kwalejin da ke kusa ya ce ga tambayarmu, 'ya'yanmu na aji uku nawa ne ke iya karatu, kuma da wane harshe, da an sami abin farawa. Gajeren labari ne a takarda ɗaya da Hausa, wani mai nauyi irin nasa da Ingilishi, da agogon waya. Yaro ya karanta na minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai, a ɗauke takardar a yi masa tambaya huɗu ko biyar a kan abin da ya karanta. A gwada 'yan makarantar da ke hana Hausa da 'yan wadda ke fara karatu da ita, daga gidaje masu kama da juna, a rubuta sunayensu a ajiye, baɗi a dawo kan yaran nan dai, haka ma shekarar da ke biye. Sakamakon kuma a karanta shi da Hausa a taron iyaye, mata na wurin, kafin a kai shi ko'ina.